Hatimi Ashirin da Tukunyar Iri

Da za a ce mini, Yakubu, zaɓi kwana biyu daga cikin kwanakinka na duniya a shafe su kamar ba a yi ba, ba zan yi dogon tunani ba. Ba ranar da na kife da mota a hanyar Bolga zan zaɓa ba, ba kuma ranar da aka sallame ni daga aiki ba. Wata Litinin ce da wata Talata, waɗanda na kwana a kan katifar da bayana bai taɓa jin mai laushinta ba, na yi wanka da ruwan zafi daga bango, aka kira ni Alhaji alhali ko ƙasar Makka ban taɓa takawa ba. Ban biya ko sisi ba. Wana Abdulai ne ya biya, kuma bai san ana cinikin ba.

Ke kika sa na ɗauki biro a kan wannan babi, Rahama. Watannin baya kika kira ni daga Ankara, wato Accra a bakinku na 'yan boko, muryarki cike da murna, kika ce saboda yawan tafiye-tafiyen aikinki kin tara maki a wani babban otal, makin sun isa ki sauke ni kwana uku a ɗaki mai kallon teku, kyauta. Na ce ba na so, na kashe waya. Uwarki ta ce kin yi kuka, kin ce tsufa ya mayar da ni mai baƙin rai. Ba ki yi laifi ba, 'yata. Haka kuma ku duka kun taso kuna cewa 'yan gidan Kanvili, 'ya'yan baffanku Abdulai, masu girman kai ne, ba sa sakin jiki da ku. Na ji kuna faɗa shekara da shekaru, na yi shiru na bar ku a kai, don shirun ya fi mini sauƙi. To, yau ku ji yadda aka yi.

Mu biyu mahaifinmu ya bari, ni da Yaya Abdulai, a gidan da ya gina a Kanvili, gefen garin Tamale, tun tana ƙauye, gonaki sun kewaye ta. Yaya ya gaji fartanya da shanun huɗa biyu, ni na yi aji shida na gudu tasha na koyi tuƙi. Ya girme ni da shekara tara, kuma ba mai yawan magana ba ne. Amma tun da na yi wayo, a akushi ɗaya muke cin tuwo, akushin Baba, baƙi wuluk, mai tsaga a gefe da aka ɗaure da waya. Ko bayan kowa ya yi aure haka muka ci gaba. Ranar girkin matarsa Sanatu ko ranar girkin Habiba uwarku, a akushin nan ake zuba mana, mu zauna a gindin darbejiya. Idan akwai tsokar nama, sai ya turo ta gabana da bayan yatsa ba tare da ya dube ni ba. Akwai kuma wata langa mai murfi da zanen furanni a ɗakin Sanatu, wadda ba a saukowa da ita sai an yi baƙo. Ku riƙe waɗannan kwanuka biyu a ranku.

Kun sha jin labarin shekarar yunwa, amma ji daban yake da gani. Ruwa ya ƙi, wutar daji ta bi gonaki ta bi rumbuna, 'yan'uwanmu da ke neman kuɗi a Najeriya suka dawo mana hannu wofi, bakuna suka ƙaru abinci ya ragu. Ƙashin wuyan mutane ya fito har ana yi masa ba'a ana kiransa sarƙa. Sabulu, sukari, taya, duk sai a hannun 'yan kalabule, masu ɓoye kaya su sayar a bayan fage. A cikin wannan hali Yaya ya zaɓi zangarniyar masara mafi kyau daga ɗan abin da wuta ta rage masa, ya ɓare, ya gauraya da toka, ya cika wata tukunya ya liƙe bakinta da laka, ya tura ta ƙarƙashin gadonsa. Iri ne na damina mai zuwa. Yara suka yi kuka, Sanatu ta yi magiya, har Fuseina, babbar 'yarsa, ta kwanta ciwo, bai taɓa tukunyar nan ba. Wata goma yana kwana a kan abinci da yunwa a cikinsa. Abin da yake cewa ɗaya ne:

"Wannan ba abinci ba ne. Baɗi ce a ciki."

Ni a lokacin ina cikin masu dama-dama. Ina tuƙa wani Bature na wani shirin noma da aka kawo Arewa, muna kiransa Mai-lofe don ba ya rabuwa da lofe a baki. Kusan duk wata sai mun gangara Ankara. Can yakan sauka a wani babban otal a bakin teku, ni kuma in kwana a cikin mota a bayan ginin, inda ake zubar da shara. Maigadin wurin wani mutumin Dabokpa ne, can wajenmu, Mahama, ɗan raha mai faɗin baki. Shi yake ba ni ruwan alwala, mu dafa shayi a gwangwani mu yi hirar gida. Daga inda nake ajiye mota ina hango tagogi a jere, labule fari, injin sanyi yana ɗigar da ruwa a kan gilashina. Shekara uku ruwan sanyin wasu yana ɗiga a kaina. Ba na neman uzuri da wannan, ina gaya muku ne inda ƙwayar cutar ta shiga.

A shekarar yunwar baƙi suka yi wa otal ɗin ƙaranci, sai suka fito da wata dabara. Suka buga kati mai gida-gida ashirin. Duk kwanan da ka yi, akawu ya buga maka hatimi ɗaya. In gidajen suka cika kafin shekara ta zagayo, kana da kwana biyu kyauta, har da karin kumallo. Ina tsaye da jakar Mai-lofe a hannu lokacin da akawun ya miƙa masa, ya juya katin ya yi dariya, ya ce shi ofis ke biya masa, me zai yi da kyauta. Sai ya nuna ni da lofensa ya ce a rubuta sunan direbansa. Akawun ya dube ni daga silifa har hula, ya rubuta. Raha ce a wurin Baturen, ya manta da ita kafin ya hau bene. Ni kuwa na naɗe katin a leda na cusa a aljihun ƙirji kamar laya. Da na nuna wa Mahama, ya tafa hannu ya ce:

"Yakubu, otal ba kawunka ba ne. Wanda ya ce maka kyauta, duba me yake kallo a jikinka."

Muka yi dariya tare. Ban san ya faɗi gaskiyar da ta fi ƙarfinsa ba. Tun daga ranar, ba ni nake riƙe da katin ba, shi yake riƙe da ni. In Mai-lofe ya ce kwana ɗaya za mu yi, sai in ce birki yana kuka, dole makaniki ya gani, mu ƙara kwana. In ya yi niyyar sauka gidan wani abokinsa, sai in ce unguwar ba ruwa. Ni da ban taɓa yi wa maigida ƙarya a kan man mota ba, na koyi yi masa ƙarya a kan tawada. Ina zaune a Kanvili ina cin tuwon rogo da Yaya, hankalina yana kan gidajen da suka rage.

Da bazara ta kama, aka ce Mai-lofe zai koma ƙasarsu, ba zai dawo ba. Mutumin kirki ne a nasa hali. Ya tambaye ni me nake so na sallama, na ce iri. Ya yi rubuce-rubucensa, ya ce akwai buhu shida na irin masara mai saurin nuna a ma'ajiyar shirin a Ankara, in na kai shi filin jirgi in ɗauko su in kai wa mutanena. Na zo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. A kan akushi na gaya wa Yaya. Ya daɗe yana tauna lomarsa, sannan ya tambaye ni ko na ga buhunan da idona. Na ce na ga takardar. Ya ce takarda ba ta tsiro. Sai na ji haushi, na ce shi kullum a tsorace yake, ga Fuseina ta zama kamar kara, ga irin Turawa buhu-buhu yana tafe, shi yana gadin tukunya kamar mai gadin kabari.

"Ka ba ni bakinka?" in ji shi.

"Na ba ka, Yaya. Kafin Juma'a iri yana tsakar gidan nan."

Washegari da hantsi ya jawo tukunyar, ya fasa lakar da ƙotar fartanya, ya miƙa wa Sanatu ya ce a wanke tokar a kai niƙa. Yara suka ci tuwon masara har suka yi barci a zaune. Ba a nan abin ya tsaya ba. Maƙwabta biyar da suka ji cewa Abdulai, Abdulai da kansa, ya fasa tukunyarsa, suka zo suka tambaya, ya ce ƙanensa ya ba shi baki, kowa zai sami buhu. Su ma suka fasa nasu.

Muka isa Ankara ranar Asabar. Kwana biyun da Mai-lofe ya yi su suka cika katin, hatimi na ashirin ya sauka ranar Litinin da safe. Na kai shi filin jirgi, na wuce ma'ajiya aka loda mini buhu shida a bayan a-kori-kura, aka rufe da tamfol, aka ba ni takardar izinin wucewa da kaya. A wancan zamani ba ka ratsa ƙasa da hatsi ba takarda, don ko'ina shinge ne, ana farautar 'yan kalabule. Takardar ta kwana huɗu ce, daga Litinin zuwa Alhamis. Sai ga ni da azahar a bakin titi, injin yana aiki, takarda biyu a kan cinyata. Ɗaya, ta izinin kaya, za ta mutu ranar Alhamis. Ɗaya kuma, katin otal, za ta mutu ƙarshen wata, kuma na san tunda Baturen ya tafi, ba mai sake aiko ni Ankara. Na yi lissafin da Shaiɗan yake yi wa mutum da yatsunsa: kwana biyu a otal, kwana biyu a hanya, huɗu cif. Ni da na san hanyar nan kamar tafin hannuna, na san ba a yi mata lissafi cif. Na sani. Na juya kan mota zuwa teku.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ban ji daɗi ba, don ƙaryar da na yi a baya ta isa. Na shiga bayin wani masallaci na sa rigar Sallah, na bi ta ƙofar gaba a karo na farko. Akawun nan ya karɓi katin, ya ƙirga hatiman sau biyu yana neman kuskure, bai samu ba, ya miƙo mabuɗi. Wani mai farar riga ya ɗauki 'yar jakata ta buhu kamar ta zinariya ce, yana cewa Alhaji ta nan, Alhaji a hankali da matakala. Na murɗa famfo ruwan zafi ya zubo, na tsaya a ƙarƙashinsa har yatsuna suka yi tamoji. Ga sabulu ƙanana a naɗe a takarda, a shekarar da matanmu suke wanki da toka. Da safe aka ajiye mini ƙwai biyu, burodi, man shanu, shayi da madara, da sukari a cikin kwano, ka ɗiba da kanka ba mai kallon hannunka. Na zuba cokali biyar. Na tuna Fuseina a kan cokali na uku, na ci gaba da zubawa.

Tagar ɗakin ba teku take kallo ba. Ɗakunan kyauta a baya suke, wannan ma sai da na shiga na sani. In na ɗaga labule, wurin sharar nan nake gani, da motata, da tamfol, da Mahama a zaune a kan buhunan yana ɗago mini hannu yana sara mini kamar soja. Injin sanyin ɗakina yana ɗiga a kan tamfol ɗin. Ranar Talata da la'asar hadari ya haɗu ta arewa, baƙi ƙirin, na tsaya ina kallonsa, zuciyata ta ce tashi ka tafi yanzu. Wata zuciyar ta ce saura kwana ɗaya, haƙƙinka ne, kai ka tara. Na saki labulen. Ranar Laraba ma ban fita da asuba ba kamar yadda kowane direban kirki yake yi. Na jira aka buɗe ɗakin cin abinci, don karin kumallo yana cikin kyautar.

Na kwana Kumasi, na isa Yeji ranar Alhamis da rana, inda jirgin fito yake haye da motoci. Na tarar da layi. Jirgin ba mai. Direbobin da ke wurin suka ce lafiya lau ya yi ta aiki har jiya Laraba da yamma. Ku lura da wannan: da na tashi ranar Litinin, da Talata na haye, da Laraba ina gida. Sai Juma'a da la'asar aka sami mai. Ranar Asabar da safe, a wani ƙauye bayan Salaga, saura tafiyar awa biyu in ga hasumiyar masallacin Tamale, masu shinge suka tsayar da ni. Shugabansu ya karanta takardar, ya tambaye ni yau wace rana ce. Na yi bayani, na roƙa, na rantse, na kwance bakin buhu na nuna musu jan maganin da aka shafa wa irin, na ce wannan ba na ci ba ne, na shuka ne. Ya ce duk ɗan kalabule da labarinsa. Suka sauke buhunan suka kulle a wata rumfar kwano, suka ce in kawo sabuwar takarda. Wanda zai sa hannu a sabuwar takarda, Mai-lofe, yana can ƙasarsu. Sai da aka yi wata biyu ina zarya ofis-ofis kafin in samu. Ranar da aka buɗe rumfar, rufin ya daɗe yana yoyo. Irin ya tsiro a cikin buhu, fararen saiwoyi sun huda algarara sun sarƙe da juna, wari kamar na giya. Iri mai kyau ne, Mai-lofe bai cuce ni ba. Ko a duhu ya tsiro.

Amma ku koma ranar Asabar ɗin, da na shiga Kanvili da mota wofi. An yi ruwa kwana biyu a jere, Yaya ya gama huɗa, ƙasa ta yi baƙi tana jira. Mutum shida suna zaune a gindin darbejiya. Na fito na ce jirgin Yeji ya riƙe ni kwana huɗu. Rabin gaskiya na ɗauka na ja ta har ta rufe kwana biyun otal. Ɗaya daga maƙwabtan ya fara ɗaga murya, Yaya ya ɗaga masa hannu.

"Ba shi ya hana jirgi mai ba. Ni na ce ku fasa tukwanenku, ni za ku kama."

Ya dafa kafaɗata ya ce in shiga in sha ruwa, na sha wahalar hanya. A makon ya kai shanun huɗarsa biyu kasuwa. Da kuɗin ya bi 'yan kalabule ya sayo iri mudu-mudu, ya raba wa gidaje biyar ɗin, abin da ya rage masa bai rufe rubu'in gonarsa ba. Kuma wace damina ce! Allah ya buɗe sama kamar yana biyan bashin bara. Shekarar da ko sanda ka soka a ƙasa sai ta yi ganye. Kowa ya cika rumbu, masara ta yi arha har kaji suna ƙinta, gonar Abdulai, manomin da ya fi kowa a Kanvili, ciyawa ce ta ci kashi uku. Ba shanu, ya koma ƙodago a gonakin waɗanda a da suke zuwa neman shawararsa. Fuseina ta bi wata mota zuwa Kumasi tana dako a kasuwa, tana kwana a barandar shaguna. Ni kuwa ina nan ina sa hannu a akushi kowace rana, yana turo mini nama in an samu. Sabulun otal na ɓoye su a ƙarƙashin kujerar mota, ban iya ba uwarku ko ɗaya ba.

Da Babbar Sallah Mahama ya zo ganin gida, ya tako daga Dabokpa don ya gaishe ni. Ya same mu da rana muna cin tuwo. Tun daga ƙofa ya ƙame ya sara mini.

"Alhajin bene! Yau kai ne da tuwo da hannu? Ina cokali mai yatsu?"

Na yi masa ido, bai gani ba. Ya zauna, ya gaida Yaya, ya ci gaba da abin da ya ɗauka yabo ne.

"Malam Abdulai, ƙanenka ya fitar da mu kunya. Kwana biyu cur yana sama yana shan sanyi kamar minista, ni ina ƙasa ina gadin masararsa."

Hannun Yaya yana cikin akushi. Bai ɗago ba. A hankali ya tambaya wace rana ce wannan.

"Ranar da Baturensa ya tashi mana, Litinin. Sai Laraba da hantsi ya fita, bayan ya gama da ƙwai."

Yaya ya ajiye lomar da ya gutsura a gefen akushi, a kan wayar nan da aka ɗaure tsagar da ita. Ya jawo ruwa ya wanke hannunsa yatsa-yatsa. Ya yi wa Mahama hira sosai, ya tambayi iyalinsa, ya sa aka ƙulla masa naman Sallah, ya raka shi har bakin hanya. Na zauna ina jiran ya dawo ya zage ni, ko ya ɗauko ƙota. Wallahi da ya yi, da na gode. Ya dawo ya wuce ɗakinsa.

Washegari da lokacin abinci ya yi, na tarar an shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure. Sanatu ta fito da langar nan mai furanni, ta durƙusa ta ajiye a gabana kamar yadda ake yi wa wanda ya zo daga nesa, idonta a ƙasa. Na leƙa tsakar gida, Yaya yana gindin darbejiya shi kaɗai da akushi. Na tashi na je na durƙusa, na fara magana, na miƙa hannu. Ya rufe akushin da faifai.

"Baƙo kake so ka zama, Yakubu. To, maraba da baƙo. Koma zaure kada abincinka ya huce."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa a kan zancen ke nan. Bai kore ni ba, ni na kwashe ku na kama haya a Sakasaka bayan wata uku, don na kasa haɗiye abincin langa. Ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka. Bai taɓa ƙin amsa gaisuwata ba. Sunan duk wanda aka haifa a cikinku bayan haka ya zo, da uwarku ta yi jinya ya zo. In na je Kanvili sai ya miƙe tsaye ya tarbe ni, a shimfiɗa tabarma, a sauko da langa, in akwai kaza a yanka, ko da su gaya za su ci. Da na sami hali na sayo bijimi na kai masa, ya yi godiya mai kyau, washegari na tarar da shi a ɗaure a ƙofar gidana, da saƙon cewa baƙo ba ya ciyar da masu gida. Na aika dattawa, na aika limami, ya ce musu shi ba ya riƙe da kowa, ya yafe tuntuni, ko sun ga ya wulaƙanta ni? Ba su gani ba. Na yarda ya yafe, don ba ya ƙarya. Yafiya daban, akushi daban. Ranar da aka kai shi makwancinsa, da aka dawo aka raba abincin makoki, ɗansa ya sa aka kawo mini nawa a langar nan, don haka ya taso yana gani.

Wannan shi ne girman kan da kuke cewa 'yan Kanvili suna da shi. Ladabi ne suke yi muku, irin wanda ubansu ya koya musu a kaina.

Ban ce otal haram ba ne, ban ce jin daɗi laifi ba ne. Wanda ya daɗe ruwan sanyin wasu yana ɗiga a kansa, ba abin mamaki ba ne ya so ya hau sama sau ɗaya. Ku tara makinku, ku je ku ga duniya. Abin da nake roƙonku, ku da 'ya'yanku, shi ne duk ranar da aka ce muku kyauta ce amma za ta mutu in ba ku ci yau ba, ku fita ku ɗaga tamfol ku duba kayan wa kuka ɗauko, da wanda ya fasa tukunyarsa a kan bakinku. In akwai mai jira, ku yaga katin ku kama hanya. Kada ku yi lissafi cif da amanar wani.

Ke kuma Rahama, kwana ukun nan naki, kada ki bari su mutu saboda ni. Yayarki Fuseina tana nan a Kanvili, wuyanta bai sake miƙewa daidai ba tun dakon Kumasi, kuma ba ta taɓa ganin teku ba. Ki je da kanki, kada ki kira a waya. Ki karanta mata wannan babin tukuna, sannan ki tambaye ta. Ban sani ba ko za ta karɓa, kuma in ta ƙi tana da gaskiya. Amma in sun sauko miki da langa, ki mayar musu da ita da hannu biyu, ki ce ke 'yar gida ce, ki tambaya ina akushin kakanki. Ni na yi shekara goma sha ɗaya ina jiran a kira ni. Ke kada ki jira.